Bayan Takaba a Omdurman: Alhini Ne ko Ciwon Damuwa?

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, mata da dama sun ga an binne mazajensu a tsakar gida ko filin makaranta, domin a lokacin hanyar maƙabartar Ahmad Sharfi da ke Omdurman ba ta biyuwa. Ba a yi zaman makoki na kwana uku ba, maƙwabtan da za su zo ta'aziyya sun watse. Wata ma a gudun hijira ta yi takabarta, wata huɗu da kwana goma, ba uwa ba ƙanwa kusa. Abubuwan da ke rage wa mai rashi nauyi ke nan yaƙi ya kwashe, shi ya sa dangi ke buƙatar sanin inda alhini ya tsaya, ciwo ya fara.

Yawan kuka ba shi ne ma'auni ba. Alhini zuwa yake yi ya lafa. Mai takaba ta ga rigar marigayi ta fashe da kuka, an jima jika ya ba ta dariya. Tunaninta yana kan wanda ya tafi, kuma ba ta raina kanta. Ko ta ce ta ji muryarsa cikin dare, wannan ba taɓin hankali ba ne.

Ciwon damuwa kuwa ba ya ɗagawa. Mako biyu ko fiye, kusan kullum, babu abin da ke mata daɗi, barci da cin abinci sun lalace, jiki ya mutu, tana ganin kanta ba ta da amfani, ta zame wa 'ya'ya kaya. Idan ta fara cewa gara ta mutu ta huta, ko ta daina ci da sha, kada a jira takaba ta ƙare, a nemi likita. Akwai kuma alhinin da ya ƙi sakin mutum, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafawa a matsayin cuta idan ya haura wata shida, ya wuce abin da al'ada ta sani, ya hana harkokin yau da kullum.

Ciwon damuwar maza ya fi ba ni tsoro. Namiji ba ya takaba, kwana kaɗan ake sa ran ya koma kasuwa, sai ciwon ya fito a faɗa, rashin barci da ciwon kai.

A neman magani, malamai ma suna da rawar takawa. Likita Tijjani al-Mahi, wanda babban asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman ke ɗauke da sunansa, ya buɗe ɗakin duba masu irin wannan lalura a Bahri a 1949, kuma ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da malaman addini, domin wurinsu mutane ke fara zuwa. Har gobe haka ne. Malamin da ya ce "a yi haƙuri, sai addu'a" ya yi daidai, amma in ya ga mai rashi tana ramewa tana zagin kanta, ya ƙara da tura ta asibiti, inda ake magance ciwon da zaman tattaunawa da ƙwayoyin magani.