Awon Ƙarfin Dangantaka a Ilmin Lissafin Yiwuwa

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda masana lissafi ke auna ƙarfin dangantakar da ke tsakanin adadi biyu na katari, watau adadin da ba a sanin yadda zai faɗo sai ya auku, kamar yawan ruwan da za a yi a damina, ko dami nawa gona za ta bayar.

A shekarar 1886 Francis Galton, mutumin Ingila, ya gwada tsawon iyaye da na 'ya'yansu, ya ga dogaye sun fi haifar dogaye, amma ba kullum ba. A 1896 Karl Pearson ya tsara ma'aunin wannan dangantaka, wanda ke kamawa daga −1 zuwa 1. In ya nuna 1, adadin biyu suna hawa tare bisa miƙaƙƙen layi. In kuwa −1 ne, ɗaya na hawa ɗaya na sauka.

To, in ya nuna sifiri fa? Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, su ce ai babu dangantaka. Alal misali, a rubuta −1 da 0 da 1 a takardu uku, a zuba cikin hula, a zaro guda. Adadi na farko shi ne abin da aka zaro, na biyu kuma wannan lambar sau kanta, watau 1 ko 0 ko 1. Wanda ya san na farko ya san na biyu ba ko tantama, amma duk da haka ma'aunin Pearson sifiri zai nuna, domin miƙaƙƙen layi kaɗai yake gani. Saboda irin wannan ne Alfréd Rényi ya kafa sharuɗɗa bakwai a 1959, ciki har da cewa ma'auni nagari ba zai nuna sifiri ba sai in babu abin da ya haɗa adadin biyu.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi: a wane lokaci dangantakar ta fi ƙarfi? A ɗauka wasu garuruwa biyu sun yi alkawarin wanda ya sami albarka zai tallafi wanda ya rasa. Wasu biyun ma sun yi haka, ma'auni kuma ya nuna 0.5 ga kowane ɓangare. Amma na farkon a shekarar yalwa suka fi tafiya tare, na biyun kuwa a shekarar fari. Lamba ɗaya ce, amma alkawarin na biyun zai rushe ranar da aka fi bukatarsa. Waɗanda suka ga farin 1973, da ya game ƙasashen bakin Hamada tun daga Sanagal har Cadi, sun san yadda maƙwabci kan je neman hatsi ya tarar rumbun maƙwabcinsa wayam.

Saboda haka, in aka ce muku dangantakar kaza ta fi ta kaza ƙarfi, ku tambayi wane ma'auni aka yi aiki da shi, sa'an nan ku nemi a nuna muku lissafin shekarun tsanani daban.