Dara: Wasan da ke Wasa Ƙwaƙwalwar Yara

A ƙauyukan da ke tsakanin Jega, Aliero da Maiyama, irin su Jiga Makera, ba a buƙatar ko sisi kafin a kafa dara. Share ƙasa za a yi a gindin bishiya, a tona gurabe 30, layi biyar mai gida shida-shida. Wannan ya tsinto tsakuwa 12, wancan ya kakkarya tsinke 12.

Da farko kowa na dasa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ya jera uku a lokacin ba. In an gama dashe sai a fara turawa, gida ɗaya gaba, baya ko gefe. Duk wanda ya jera uku a layi sai ya ɗauke ɗan abokin karawarsa guda.

A nan yaro ke koyon hangen nesa, domin kafin ya taɓa tsakuwa sai ya auna inda za a tare shi da inda zai kafa tarko. Yana kuma koyon jira har a zo kansa, da haɗiye fushi in an cinye shi a gaban 'yan kallo. Dakarkarin ƙasar Zuru sun yi suna a wannan wasa.

A ɓangaren sauran wasanni kuwa, iyaye na ƙyamar karta saboda caca, kuma da gaskiyarsu. Amma ludo da Whot, in babu kuɗi a tsakani, suna saba wa yaro da ƙirga da haɗa lamba da siffa. Scrabble kuwa kalmomi take ƙara masa, kuma a ita ce ɗan Najeriya Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostiraliya a 2015.