Malamai da Masu Buga Takardu, a Kula da Alamomin Lissafi

Idan ƙarshen zango ya ƙarato, malamin lissafi a Dalijan kan rubuta tambayoyinsa da hannu, ya kai shagon buga takardu a Gwandu ko Kalgo. A nan ake samun tangarɗa. Malam ya rubuta 5², mai bugawa ya sa 52. Tambayar da amsarta 25 ce ta rikiɗe, yaro ya sha jan biro ba da laifinsa ba. Wani kuma ya sa harafin x a gurbin alamar sau, ɗalibi ya rasa ko ninkawa zai yi ko nemo x. Har ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo masu rubuta kundin kammala karatu, matsalar ta shafe su.

Maganin yana cikin Microsoft Word. A kunna Num Lock, a danne Alt, a buga lambobin da ke gefen dama na kibod: 0215 ya ba da ×, 0247 ya ba da ÷, 0177 ya ba da ±, 0176 ya ba da °, 0178 kuma ². Lambobin jeren sama ba sa wannan aikin.

Mai laftof da ba ta da lambobin gefe ya rubuta lambar alamar, sannan ya danna Alt da X tare: 221A ya koma √, 03C0 ya koma π, 2264 ya koma ≤, 20A6 ya koma ₦. Hattara, a bar tazara kafin lambar, don idan ta manne da wani adadi Word zai haɗe su ya fitar da wata alama daban. Doguwar jimlar lissafi kuwa, Alt da = ne ke buɗe mata fili.

In an gama, a adana takardar a PDF, domin wata kwamfutar na iya mayar da alamar ɗan akwati.

Malam, kada ka bar shagon sai ka duba kwafin farko layi-layi da rubutun hannunka. Mai shago, rubuta lambobin nan ka liƙa a jikin bango kusa da kwamfutarka. Makin 'ya'yan mutane amana ne a hannunku.