Ƙashin Muƙamuƙi Ba Ya Neman Zinare

A Sabon Birni da Isa, idan aka zo zancen sanya ƙarfe a baki, dattawa kan ce in dai ba zinare ba ne, to tsatsa zai yi, ya ruɓar da dasashi. Ba su faɗi haka don rashin tunani ba. Sun ga haƙorin Makka a bakin Hajiya shekara da shekaru yana ƙyalli, sun kuma ga yadda damina ɗaya ke cinye bakin fartanya. Wanda ya haɗa waɗannan biyun ya yanke hukunci bai yi wauta ba. Sai dai, da girmamawa, iyayenmu sun haɗa abubuwa biyu da aikinsu ya bambanta.

Haƙorin Makka hula ce da ake kifa wa haƙori mai saiwarsa. Tsohon da haƙoransa suka zube kaf, wanda sai an goga masa goro a magogi kafin ya ci, ba shi da abin da za a kifa wa hula. Matsalarsa a ƙashi take. Da zarar haƙora sun fita, ƙashin muƙamuƙi yakan riƙa lotsawa a hankali, musamman na ƙasa, shi ya sa haƙoran roba ke zamewa ana tsakiyar magana ko tauna. Maganin da likitoci suka samo shi ne a dasa kusa a cikin ƙashin, a maƙala jerin haƙoran a kanta, ana cirewa da dare a wanke.

To, wane ƙarfe ƙashi ke karɓa? A 1952 wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sa ƙarfen taitaniyam a ƙashin ƙafar zomo don nazarin gudanar jini. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashin ya kama shi gam. A 1965 ya dasa kusoshin wannan ƙarfe a muƙamuƙin wani mutum a birnin Gothenburg, suka zauna daram har mutumin ya rasu a 2006. Dalili kuwa, da taitaniyam ya sha iska sai wata fata siririya ta rufe shi, ita ke hana tsatsa, a kanta kuma ƙashi ke tsirowa. Zinare ba ya tsatsa, gaskiya ne, amma yana da laushi, ƙashi kuma ba ya manne masa haka. Darajarsa a kasuwa ba ta shafi wannan ba.

Akwai kuma zirkoniya, wadda fara ce, dangin tangaram ce ba ƙarfe ba. Masu ƙyamar ƙarfe kan so ta, tana da kyan gani kuma. Amma a gwaje-gwajen da aka yi kan masu wawulon baki gaba ɗaya, ta fi taitaniyam yawan karyewa da sakin ƙashi. Farinta ma ba ya amfanar kowa a nan, tunda a ƙarƙashin roba take ɓoye.

A 2002 masana da suka taru a Jami'ar McGill ta Kanada sun amince cewa kusa biyu a muƙamuƙin ƙasa su ne ya kamata a fara bai wa mai irin wannan larura. Biyu kacal, ba kowane haƙori da tasa ba.

Inda ya kamata mutanenmu su yi fargaba daban ne. Aikin na da tsada, yana buƙatar hoton ƙashi da ƙwararren likita, ba mai cire haƙori a kasuwa ba. Daga ƙasar Gobir sai an nufi Sakkwato, a fara da sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ƙashi na ɗaukar wata 3 zuwa 6 kafin ya kama, sai an riƙa komawa. Mai ciwon sukari da bai daidaita ba, da mai shan taba, su ne dashen ya fi ba wa matsala, ko da wane irin ƙarfe aka yi shi.