Saifa da pankireyas: maƙwabta biyu a cikin mutum, kowa da aikinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya san saifa, wannan tsoka mai duhun ja da ke cikin kayan ciki. Pankireyas kuwa, kamar yadda likitoci ke kiransa, mutane kaɗan ne suka san shi, ko da yake ciwon sukari daga gare shi yake tasowa. Su biyun suna kusa da juna a saman ciki, har wutsiyar pankireyas tana taɓa saifa, amma aikinsu ya sha bamban.

Pankireyas yana kwance ne a bayan tumbi, tsawonsa kamar santimita 15. Kansa yana dama, inda ƙaramin hanji ya fara, wutsiyarsa tana hagu. Ayyuka biyu gare shi. Na farko, narkar da abinci: kowace rana yana zuba ruwa wajen lita ɗaya da rabi cikin hanji. Wannan ruwa ne ke narkar da sitacin tuwo da fura, da maiƙo, da nama da wake, yana kuma kashe kaifin tsamin da ya gangaro daga tumbi. Bututunsa yana haɗuwa da na maɗaciya dab da hanji, shi ya sa tsakuwar maɗaciya kan toshe hanyar, pankireyas ya kumbura. Yawan shan giya ma yana jawo wannan kumburi. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a saman ciki da ke ratsawa har baya, sau da yawa tare da amai, kuma yana buƙatar asibiti nan take.

Aiki na biyu shi ne daidaita sukarin jini. A cikin pankireyas akwai wasu ƙananan tsibirai na ƙwayoyin halitta, waɗanda Bajamushe Paul Langerhans ya gano a 1869. Ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gaɓar ba, amma su ke yin insulin. Idan mutum ya ci abinci sukari ya hau, insulin ne ke shigar da shi cikin tsoka da hanta. Idan kuma ya daɗe bai ci ba, kamar mai azumi, wani sinadari mai suna gulukagon ya sa hanta ta saki wanda ta ajiye.

Ciwon sukari yana zuwa ne idan wannan tsari ya lalace. A nau'i na farko, wanda ya fi kama yara da matasa, pankireyas ya daina yin insulin, dole sai allura. A nau'i na biyu, wanda ya fi yawa, insulin yana nan amma jiki ba ya jin sa yadda ya kamata, kuma ƙiba da rashin motsa jiki suna ƙara haɗarin. Yawan fitsari, ƙishirwa da rama ba dalili alamu ne da ke kiran awo. Idan aka auna jini da safe kafin a ci komai, aka samu giram 1,26 a lita ko fiye har sau biyu, ciwon ya tabbata. A 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a birnin Toronto na Kanada, kuma ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon sukari ta duniya.

Ita saifa ba ruwanta da abinci. Tana hagu, ƙarƙashin haƙarƙari na 9 zuwa na 11, nauyinta wajen giram 150 a jikin babba, kuma hannu ba ya jin ta idan lafiya lau take. Matatar jini ce. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kwana 120, in sun tsufa saifa ta tsince su, jiki ya sake amfani da ƙarfen da ke cikinsu. Tana kuma ɗauke da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, musamman ƙwayoyin da ke kawo ciwon huhu da sanƙarau.

A nan ne batun ya shafi gidaje da yawa daga Tawa har Damagaram. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini, saifa ta yi ta tace su har ta kumbura. Yaron da zazzaɓin ke yawan kamawa, akan ji tauri a hagun cikinsa. Tsaga ko lalas a kan fatar ba sa kaiwa ga saifa, sai dai su bar gyambo. Abin da ke rage kumburin shi ne maganin zazzaɓin, da gidan sauro, da maganin rigakafin da ake raba wa yara masu wata 3 zuwa 59 lokacin damina.

Masu amosanin jini, wato sikila, nasu ya fi tsanani. Lanƙwasassun ƙwayoyin jininsu suna toshe hanyoyin saifa, tun suna ƙanana ta fara mutuwa, shi ya sa ake ba su alluran rigakafi da penisilin. Wani lokaci kuma jini ya taru a saifar yaro farat ɗaya: ciki ya kumbura, tafin hannu da ido su yi fari, yaro ya yi laushi. Wannan ba ya jiran wayewar gari.

Haka ma wanda ya faɗi daga kabu-kabu ko ya sha duka a haƙarƙarin hagu. Saifa tana iya fashewa jini ya riƙa zuba a ciki ba a gani, musamman idan dama a kumbure take. Jiri, ciwon ciki ko ciwon kafaɗar hagu bayan haɗari sun isa a garzaya da shi asibiti. Idan ta kama a cire saifar, mutum yana rayuwa, don hanta tana karɓar wani ɓangare na aikin, amma daga ranar duk zazzaɓin da ya kama shi sai likita ya gan shi a ranar.