Sha-kauci

Sha-kauci ƙaramin tsuntsu ne. Da faransanci ana ce masa souimanga. Danginsa sun fi iri 100. Suna zaune a Afirka da kudancin Asiya har zuwa arewacin Ostareliya.

A ƙasashen Sahel, daga Senegal zuwa Sudan, akwai wani iri wanda nauyinsa bai kai giram 10 ba. Namijin yana da kore kai mai ƙyalli da rawayan ciki. Lokacin ƙwai, da rani, dogayen gashi 2 suna fito masa a wutsiya. Macen ba ta da ado.

Sha-kauci yana zama inda akwai itatuwa masu fure, kamar gawo da bagaruwa, a daji ko cikin garka. Bakinsa siriri ne, harshensa dogo. Da su yake tsotse ruwan zaƙi na cikin fure. Yana son furen kauci ƙwarai, shi ya sa aka ba shi wannan suna. Yana kuma cin ƙananan ƙwari da gizo-gizo.

Macen ita ke saƙa sheƙa da ciyawa da yanar gizo. Sheƙar tana reto a reshe kamar ƴar jaka, ƙofarta a gefe.

Idan sha-kauci ya sha fure, garin furen yana manne masa a kai, sai ya kai shi ga wani fure. Ta haka tsiro yake yin ƴaƴa. In aka sare itatuwa, sha-kauci ya rasa abinci da wurin sheƙa, dole ya ƙaura.

Tambayoyi
1. Mi sha-kauci yake ci?
2. Don mi yake ƙaura?