CIN RUWA A YATSUN ƘAFA: YADDA ZA KA GANE SHI DA MAGANINSA



Ɗan'uwa, yau in ka idar da sallar isha'i, zauna ka buɗa yatsun ƙafarka ka duba, musamman tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi. In ka ga fatar ta yi fari ta yi laushi, tana saluɓewa ko ta tsage, ga ƙaiƙayi, ga ɗan wari in an cire takalmi, to cin ruwa ne. Wani kuma tafin ƙafarsa ne ke bushewa yana ɓarewa, ya ɗauka kaushi ne.

*Me ke kawo shi?*
Ba ruwan ne ke cin ƙafar ba. Ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira fangas, 'yar'uwar wadda ke kawo makero a kan yara. Damshi da ɗumi take so. Shi ya sa ya fi yawa da damina, ya fi kama mai yini cikin safa da takalmi sau-ciki, da uwargida mai tsayuwa cikin ruwan wanki da wanke-wanke. Ana ɗaukarsa a daɓen banɗaki, da tawul, da silifas ɗin da kowa ke zurawa a wurin alwala.

*Alwala fa?*
Kar ka daina tsettsefe yatsu, sunna ce, kuma tsafta ce. Inda muke sakaci shi ne bayan alwalar: sau biyar a yini ƙafa na jiƙewa, sai a zura ta cikin safa ko takalmi ba ta bushe ba. Malamanmu na Malikiyya ba su ga laifin goge ruwan alwala ba. Ka ware ɗan ƙyalle na ƙafa kaɗai, ka goge tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne rabin maganin.

*Magani*
1. Ka je kemis ka nemi man shafawa clotrimazole, safe da dare, har mako 4. Ko terbinafine, mako 1 zuwa 2.
2. Ka wanke ƙafar da sabulu, ta bushe sosai, sannan ka shafa har gefen wurin. Ka wanke hannu bayan nan, don yana iya komawa farce ko matsematsi.
3. Ko ƙaiƙayin ya tafi a kwana uku, kar ka tsaya. Masu tsayawa ne yake dawo musu.
4. Canza safa kullum, a shanya takalmi a rana. Kowa da tawul ɗinsa da silifas ɗinsa a gida.

Lalle kuwa iyayenmu sun daɗe suna ƙunsa shi a ƙafa mai cin ruwa, kuma an ruwaito Annabi (SAW) yana sa shi a kan rauni. In za a yi, garin ganyen lalle zalla, ban da baƙin lalle mai sinadari. Kuma taimako ne, ba ya maye gurbin man shafawar.

*Abin da za ka guje wa*
Kar ka ɗaura ɗanyar tafarnuwa, tana ƙona fata. Ban da kalanzir, toka ko ruwan batir. Ka karanta jikin kwalin mai: in ka ga betamethasone ko clobetasol, ajiye shi. Yana kwantar da ƙaiƙayi, amma ƙwayar sai ta ƙara yaɗuwa.

*Wa zai tafi asibiti?*
Mai ciwon suga, tun ranar farko. 'Yar tsagar nan ƙofa ce ga wasu ƙwayoyin, kuma daga irin wannan ƙaramin ciwo ake kaiwa ga yanke ƙafa. Haka duk wanda ƙafarsa ta kumbura, ta yi ja da zafi, ko tana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya biyo. In farce ya yi kauri ya canza launi, sai maganin sha daga likita.

Maigida, duba ƙafar yara da ta tsofaffin gida ma, ba kowa ke faɗa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan'uwa su amfana.